Baba Alkassoum, Mai Ɗura Mana Harsashin Gasa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2025, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Baba Alkassoum ag Amumun a gidansa da ke Akokan, kusa da Arlit, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Daga Allah ya zo, ga Allah ya koma, mu ma can muka nufa. Ina cikin motar ma'aikata muna dawowa gari aka kira ni aka gaya mini, kafin in iso an riga an tafi da shi maƙabarta.

Baba, na so in rubuta maka ta'aziyya da natsuwa irin taka, amma ba ni da ita. Tsoro nake ji, tun ranar addu'ar ukunka bai sake ni ba, zan kuma faɗi dalilinsa a cikin wannan rubutu. Bari dai in fara gaya wa waɗanda ba su san ka ba ko wane ne kai.

A bayan garin Arlit akwai wani fili da aka kewaye da tudun yashi, inda ma'aikatan ma'adini suke da kulob ɗin harbi. Gasa muke yi da ƙaramar bindiga, muna auna farar takarda mai baƙin da'ira a tsakiya. Da izinin hukuma ake yin komi, bindigogin ma a hannunta suke kwana, sai ranar atisaye ko ranar gasa ake fiddo mana su. Kai ne mai kula da filin. Da yake harsashin gasa daga ƙasar waje yake zuwa, kuma yakan yi watanni bai zo ba, sai ka koyi tsince kwanson da aka harba, ka wanke, ka sake ɗura masa albarushi da dalma da hannunka.

Ni daga Damagaram na zo aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje na ma'adini, da wuyan hannun da ya taɓa karyewa a kan kabu-kabu bai kuma ɗoru daidai ba. Abokan aiki suka ja ni filin don kada zaman kaɗaici ya kashe ni. Harbina na farko, bindigar ta yi tsalle, zafi ya tafi har kafaɗata, na rufe ido na yi ƙara. Harsashin bai ko ga takardar ba, yashi ya tafi gaisarwa. Kowa ya yi dariya, har ni, amma na ƙudurta a raina ba zan sake taka wurin ba. Ka biyo ni har bakin ƙofa ka kama hannun ka jujjuya shi kamar mai sayen akuya.

“Ɗiyata, kai ba matsoraci ba ne,” ka ce, da Hausarka ta mutanen Ayar wadda ba ruwanta da mace ko namiji. “Harsashin ne ya fi hannunka. Ka dawo Asabar.”

Na dawo. Ka miƙo mini harsasai da ka rage wa albarushi, ka ce waɗannan nawa ne ni kaɗai. Da na harba, bindigar ta ɗan motsa kawai ta koma wurinta, idona kuma a buɗe. Ban san lokacin da na ce maka ashe haka abin yake ba. Kai kuwa ka koma gindin murhun shayinka kamar ba ka yi komi ba.

Wanda bai taɓa ganinka kana aiki ba zai ɗauka abin wasa ne. Da sanyin safiya kake yi, ka rufe taga don kada iska ta taɓa ɗan ma'auninka, ka ja rawani ka rufe baki don ko numfashinka kada ya motsa shi. Kai da ba ka iya zama babu shayi, a lokacin nan ko garwashi ba ka yarda a shigo da shi ɗakin. Idan an yi sallama sai dai ka ɗaga gira. Kowane kwanso sai ka leƙa cikinsa kafin ka rufe, domin ka ce wanda aka manta ba a zuba masa ba ya fi wanda aka cika haɗari. Da ka gama sai ka ɗiga wa gindin kowanne jan farce, mu san namu ne marasa ƙarfi. Ina tsokanarka in ce Inna Mariyama, matarka, ta san inda jan farcenta yake ƙarewa? Ka ce ta sani, shi ya sa take sayen mai arha.

Ba ni kaɗai ka yi wa ba. Malam Muktari, tsohon makanike da hannunsa ya fara rawa, ya ce ya bar harbi ke nan, ka zauna ka yi ta gwaji har ka samo masa wanda zai iya riƙewa, ya ƙara shekaru yana zuwa fili. Duk sanda ka je garinku a duwatsu, da dabino kake dawo mana, kuma rabon mata ya fi na maza, ka ce mu ne ba mu yi maka gardama. Da mahaifiyata ta rasu, kai ka tsaya a tasha cikin rana har sai da aka samo mini wuri a motar Agadez.

Da harsasanka muka yi ta cin gasa, har kofi muka kawo gida. Daga nan magana ta fita gari, ta kuma canza kama a hanya. Aka fara cewa harsashin Alkassoum ba ya kuskure. Wasu suka ce wani malami ne a duwatsu yake tofa masa addu'a, wasu suka ce jan ɗigon nan ba jan farce ba ne, asiri ne. Direbobin da ke bin hanyar Assamakka da ta filayen zinariya, inda 'yan fashi suke tare mutane, suka fara yi maka sintiri a asirce. Na taɓa tarar da wani Hamadi ya durƙusa a gabanka yana roƙo kamar zai yi kuka, kai kuwa kana ta zuba masa shayi kana girgiza kai. Ya fita yana cewa rowa ce. Bayan ya tafi ne ka gaya mini abin da har yau ban manta ba.

“Nawa na huda takarda ne. Wanda ya dogara da shi a hanya, ni na kashe shi.”

Ka yi mini bayani. Bindigogin gasa an sassauta su don su karɓi harsashi mara ƙarfi. Irin waɗanda direbobi suke ɓoyewa a ƙarƙashin kujera kuwa masu tauri ne. Idan aka sa musu naka, na farko zai fita, amma ba shi da ƙarfin tofar da kwanso ya jawo na biyu, sai bindigar ta cije. Mutum ya riga ya harbi 'yan fashi, ya tsokano su, ga shi tsaye da guntun ƙarfe a hannu. Ka sha faɗa musu haka, ba wanda ya yarda, sun ɗauka dabarar ɓoye asiri ce.

Da tsaro ya ƙara lalacewa aka dakatar da kulob, ka mayar wa hukuma da kayan aikinka. Abin da ya rage shi ne gwangwanin madara guda cike da harsasan da ka ɗura don gasar da aka fasa, ka kulle shi a akwatin ƙarfe a ɗakinka kana jiran a zo a karɓa. Kana kwance ka ce mini idan ta Allah ta kasance, in ɗauka in kai wa shugaban kulob ya miƙa wa jandarmomi.

Ranar addu'ar uku, da mata suka ragu, na matsa kusa da Inna Mariyama na tambaye ta makullin akwatin. Ta ce ai babu komi a ciki. Ɗanku Ghissa, wanda yake tuƙa motar kai ruwa filin zinariya na Tchibarakaten, yana gari a ranar, an yi jana'iza da shi, washegari da asuba mai motar ya matsa masa ya koma. Ita kuwa ta naɗe gwangwanin a cikin rawaninka ta ba shi. Ta faɗa mini haka fuskarta a sake, karo na farko tun rasuwarka. Ta ce ba ta da abin da ya fi wannan da za ta ba ɗanta, albarkar ubansa ce za ta tsare shi a hanya.

Baba, daga nan tsoron da na gaya maka ya fara. Na san Ghissa. An taɓa tare su sau da dama, kullum sauka yake yi ya ɗaga hannu ya miƙa abin da ke aljihunsa, ya dawo gida da ransa. Abin da ya tsare shi duk shekarun nan shi ne ya san ba shi da abin tsayawa. Yanzu yana ganin yana da shi, bindigar da zai sa su kuwa ba ta wuyar samu a wurin direbobi. Na kira lambarsa har na gaji, babu rezo a can, waya ba ta shiga. Na je tasha na bi motocin da za su tashi ɗaya bayan ɗaya, amma me zan ce? Wanda aka kama da harsashi babu izini kurkuku zai tafi, don haka sai kewaye-kewaye nake yi, ina cewa a gaya wa Ghissa kada ya taɓa kayan babansa. Direbobin suna kallona suna murmushi, na ga alama sun ɗauka rikicin gado ne. Duk motar da ta shigo gari daga arewa da gudu sai in bi ta in ji ko labarinsa ta kawo.

Da na ga saƙon ba zai isa a haka ba, na koma wurin Inna Mariyama. Ban taɓa yin magana mai nauyin wannan ba: in gaya wa mai takaba cewa abin da ta ba ɗanta da hannunta yana iya zama ajalinsa. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta tambaye ni ko kai da bakinka ka faɗi haka, na ce da bakinka. Ta ce to ita ba ta da halin fita, ni ce ƙafarta, in rubuta a fili, in sa sunan yaron, a karanta a rediyo a tura a waya. Na ce Inna, idan na sa sunansa kama shi za a yi.

“A kama shi,” ta ce. “A kawo mini shi da ankwa. Kurkuku ina iya aika masa abinci.”

Shi ya sa, Baba, a takardar da ya kamata in ɗaukaka sunanka, nake rushe wanda gari ya ba ka. Jama'ar Arlit da Akokan da duk mai bin hanyar arewa, ku ji: Baba Alkassoum ba shi da asiri. Harsasansa ba su fi na kowa ba, sun fi na kowa rauni, da gangan ya yi su haka don masu ciwon hannu irina. Duk wanda ya haɗu da Ghissa ag Alkassoum, mai farar motar ruwa, ya gaya masa mahaifiyarsa ta ce kada ya sa ko ɗaya a bindiga, idan an tare shi ya sauka ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Jami'an da ke bariye, shingen bincike na kan hanya, idan ya iso gare ku ku bincike shi ku karɓe gwangwanin. Mahaifiyarsa ce ta aiko ku, ta kuma roƙi ku sassauta masa.

Allah ya jiƙanka, Baba Alkassoum, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Mariyama da 'ya'yanku mata da jikoki, da danginku na duwatsun Ayar, da 'yan kulob baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu zuwan. Ya Allah, kada ka haɗa wa baiwarka Mariyama makoki biyu. Ka sa wannan saƙo ya riga 'yan fashi isa wurin ɗanta, ko da a bakin jandarma ne. Amin.

Sadiya Fatahu, Arlit