Yadda Legbo Tela Ya Kai Gaɓa

A garinmu, nan bakin Kwara a ƙasar Nufe, ba a koyon iyo. Yaro yana rarrafe zai faɗa ruwa, uwarsa ta tsamo shi, ya sake faɗawa, shi ke nan an sauke karatu. Shi ya sa ba mu da malamin iyo, kamar yadda ba mu da malamin atishawa.

Legbo Tela ne kaɗai karatun ya tsallake. Yana ƙarami aka kai shi Bida koyon ɗinki wurin kawunsa, bai dawo ba sai da gemu da keken ɗinki. Ya kafa shago yana fuskantar kogi, ya auri Nnawo mai bandar kifi, suka haifi ɗansu na fari Kashi da ƙannensa, duk masu iyo kamar tarwaɗa, shi kuwa ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Wannan sirri ne, ya kuma riƙe shi da kyau. Mu ma mun taya shi riƙewa, tun daga liman har masu tallar ƙosai.

Kowace shekara in an yanke shinkafa muna tseren jirage, kowane rukunin sa'anni da nasu. Legbo ke ɗinka wa sa'anninsa riguna da tuta, ranar tsere kuma sai uzuri ya same shi: ciwon baya, ko haƙori, ko gaisuwar mutuwa a Bida. Danginsa na Bida sun mutu fiye da yadda aka haife su.

Sai ga shekarar da sa'anninsa za su yi tseren sallama su bar wa na baya. A al'adarmu ranar kowa yana shiga jirgi, ba uzuri. In an gama tsere kuma su kife jirgin da kansu daura da tsohon turke, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, kowa ya fito gaɓa da ƙarfinsa. Wanda aka jawo da wuyan riga, za a ci gaba da jan sa a bakin mutane har jikokinsa su yi furfura.

Tsado, wanda ke riƙe da bayan jirgin, kuma abokin wasan Legbo, ya leƙo shago.

"Tela, bana wa zai mutu a Bida? Faɗi da wuri mu fara yi masa addu'a."

"Bana ina cikin jirgi."

"To ka ninka ɗinkin wuyan rigarka, don nan zan kama."

Da Legbo ya koma gida sai ya sami Nnawo tana juya kifi a kan banda. Ya yi gyaran murya.

"Ina da maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Ba ka iya ruwa ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Baban Kashi, ranar da aka kawo ni a jirgi, kai ne angon farko da ya jira amaryarsa a kan tudu."

Legbo ba mutum ne mai ƙaramin buri ba. Ya ce kafin ranar tsere zai haye Kwara ya dawo, Tsado ya gani. Har ya ɗinka wa kansa wandon iyo mai aljihu uku da aiki a ƙafa. Nnawo ta yaba wandon, sannan ta jawo bahon wankin kifi ta cika da ruwa.

"Ga Kwara. Sa fuskarka ciki ka hura."

"Ni? Mai jikoki?"

"Ruwa ba ya tambayar jikoki. Sa."

Ya sa, ya shaƙa maimakon ya hura, unguwa ta ji tarinsa. Ya ɗan jima a karatun baho kafin ta ce ya ci jarrabawa, ta ɗauke shi zuwa wata 'yar ƙorama bayan gonakin shinkafa, ta ba shi gora ya rungume. Buri kuwa ya riƙa raguwa da kansa. Daga haye Kwara ya koma tsibirin tsakiya, daga tsibiri ya koma ciyawar can, daga ciyawa ya koma hannun Nnawo, wanda ke nan gabansa. Ranar da ya kai hannun ba gora, ya ci tuwon shinkafa malmala huɗu, ya kuma gyara wa maƙwabci wando ba a roƙe shi ba.

Matsala ɗaya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: ƙafafu. Mutumin da ya tsufa yana taka keken ɗinki, ƙafafunsa ba su san aikin rabuwa ba. Da ya shiga ruwa sai ya haɗa su yana takawa, gaba, baya, gaba, baya, har da kaɗa kai kamar mai bin layin zare. Nnawo ta gyara, ta yi faɗa, ta kama ƙafa ɗaya ta riƙe. Daga baya ta tsaya tana kallo, ta ga duk da munin abin, mutumin yana matsawa.

"To taka," in ji ta. "Ɗinka min zani daga nan zuwa wancan kututture. Kada ka tsinke zare."

Ya ɗinka. Washegari ta ƙara masa tsawon zanin kaɗan.

Ana saura kwana kaɗan Tsado ya zo wurin Nnawo, ba wasa a fuskarsa.

"Uwargida, mun shawarta. Za mu kife jirgin kusa da gaɓa, inda tela zai taka ƙasa. Ba wanda zai ce komai."

"Ku kife inda iyayenku suka kife. Ka san kifi nawa ya ƙone min a banda ina ƙorama da shi?"

Ranar tsere jirginsu ya zo na ƙarshe, amma rigunansu sun fi na kowa kyau. Daura da turke suka yi kabbara suka kife. Kafin a ce me, dattawa sun fito gaɓa suna matse riguna. Can baya kuwa ga kan Legbo shi kaɗai, yana sama yana ƙasa kamar gora, yana taka kekensa.

Tsado ya koma ruwa, ya miƙa hannu wajen wuyan rigar.

"Taɓa ni," in ji Legbo tsakanin kurɓa biyu, "ka yi salla da riga mai hannu ɗaya!"

Tsado ya janye hannu, ya bi gefensa a hankali yana zaginsa don ƙarfafa gwiwa. Makaɗa suka sassauta kiɗa suka daidaita shi da takun tela, mata suka ɗauki tafi. An daɗe. Wasu har sun je sun sha ruwa sun dawo. Legbo ya rufe ido yana takawa, bai daina ba har sai da ya ji muryar matarsa a kansa.

"Baban Kashi, tashi. Ka iso tun ɗazu, yashi kake ɗinkawa."

Ya miƙe, ruwa iya gwiwa, wuyan rigarsa ba wanda ya taɓa. Liman ya ce iya ruwa fid da kai, bai kuma ce dole sai da kyan gani ba.

Yanzu kullum da safe kafin ya buɗe shago yana zuwa turke ya dawo, in ji shi baɗi zai ƙara da ciyawar da ke bayansa. Tsibiri kuwa ya ce ba gudu zai yi ba. Danginsa na Bida ma sun samu lafiya, tun daga shekarar ba a sake rasa ko ɗaya ba.