Kalandar Da Kika Bari A Banɗaki

Ranar Laraba, 12 ga Maris, ina naɗe kofuna a takarda, 'yarki Hiske ta buga waya ta ce kin rasu da hantsi. Zuciya ce, in ji ta. Na zauna a kan kwali, don kujerun duk ke kika sa aka kwashe.

Aukje, kin tafi ba ki amsa mini tambayata ba.

Lokacin da na zo wurinki, gidana ya yi wata bakwai da allon sayarwa a ƙofa, ba wanda ya taya. Gwiwoyina sun daina hawa matakala, a falo nake kwana. Ga ɗakin ƙasa da aka ajiye mini kusa da ƙanwata, an ce in ban sayar ba zuwa ƙarshen Maris wani za a ba. Shekara talatin kina dillancin gidaje a nan garinmu Franeker, amma kunyar maƙwabtaka ta sa na fara kai wa baƙo aikin. Ba ki taɓa yi mini gori ba.

Kika zagaya gidan, hannuwa a baya, kika ce, "Yaya Griet, nan gida ne ko gidan tarihi? Mai saye ai sai ya zaci gaisuwar mutuwa ya zo." Na ce bakin nan naki ba ya tsufa.

Kika sauke hotuna, kika cire labule, kika sa aka shafa wa zaure farin fenti. Ƙa'idarki ita ce mai saye ya ga rayuwarsa a gidan, ba tawa ba. Ranar da za a fitar da kujerar marigayi mijina Wiebe na ƙi. Ba ki ja ba. Kika dafa kofi, muka sha kofi biyu biyu, sai da ni da kaina na ce a ɗauka.

Ranar da masu dubawa suka zo, sun riga sun shiga kafin na tuna da kalandar ranakun haihuwa da ke bayan ƙofar banɗaki, irin ta kowane gida a ƙasarmu. Sunayen shekara arba'in, da ɗan gicciye gefen waɗanda suka mutu, har da Wiebe. Kunya ta rufe ni. Wata amarya daga cikinsu ta shiga banɗakin, ta daɗe har mijinta ya fara tari. Da ta fito ya ce su je su duba rufi, ta ce, "Je ka kai kaɗai, ni na ga abin da na zo gani." Su suka saya.

To ke da kika cire har ƙusar rataye makulli, kika shiga banɗakin nan sau uku kina canza tawul, mantawa kika yi da kalandar ko da gangan kika bar ta? Na tambaye ki, kika yi dariya, kika ce sai ranar sa hannu. Hiske ta ce a sauran gidaje ita kike fara cirewa.

Ranar Juma'a 28 ga wata zan sa hannu, ɗakin kuma ya zama nawa. Zan je ni kaɗai.

Allah ya jiƙan ki, Aukje, ya yafe miki, ya ba ki masauki mai haske. Mijinki Douwe da Hiske, Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku.