Malam Sanda, mai tambayar "mi ya sa?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaure takalmi da safen nan aka kira ni daga Lafagu, wai Malam Sanda ya rasu. Wurinsa fa nake shirin tafiya.

Shi ya koyar da ni a firamare. A aji uku sunana Sarkin Barci, don ko ana rera ABCD kaina na kan benci. An zane ni har an gaji.

Ranar da Malam ya karɓi ajinmu bai ɗauki bulala ba. Ya sa yatsa ya ja fatar idona ta ƙasa, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ciki fari fat.

Ya ce, "Kai, kana wanka gulbi? Hitsarinka wace kala?"

Na buɗe ƙirji na ce ja. A lokacin mu yaran bakin gulbi alfahari muke da fitsarin jini, a ganinmu alamar zama namiji ce. Wanda nasa bai yi ja ba har tsokanarsa muke.

Ya ce, "Wanga ba girma ba na, tsargiya ta. Jininka na ka zuba, ina za ka samu ƙarhin karatu?" Shi ya ɗauke ni a kekensa zuwa asibiti. Kafin ƙarshen zangon barcin ya bar ni.

Har yau ina mamakin mutumin nan. Wa ya koya masa? Yaro ya faɗi jarabawa, sauran malamai na neman bulala, shi yana neman dalili. Wannan ya matso da ita gaban allo don ta cika runtse ido. Wancan ya ba shi rabin ƙosansa, ya zuba ido ya ga ko lissafi zai dawo. Abin na ba shi sha'awa kamar makanike da sabon inji.

Ranar kasuwar da ta wuce na gan shi a tashar Bagudo, ya rame amma bakin na nan. Na kai masa ƙarar ɗana Bashir: aji huɗu, ba ya iya karanta layi guda. Na ce hutun nan zan miƙa shi shagon ƙanena a Dole Kaina, boko ba tasa ba ce. Na ce masa na duba idon yaron, ja ne lafiya lau. Yana ci, yana gani, yana ji.

Ya yi dariya. "To likita, ka diba ido, ka diba ciki. Shi kuma ka tambaye shi? Kawo man shi Asabat, kak ka yi gaugawa."

Yau ce Asabar ɗin.

Bayan jana'iza na dawo na tarar da Bashir da rigar da aka sa masa don tafiya. Na zauna ƙasa kusa da shi, na sassauta murya yadda Malam ke yi, na ce, "Bashir, mi ya sa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Can ya ce, "Baba, in ni kaɗai na, ina iyawa. In kun tsaya bisa kaina, ku ko malamin ajinmu, sai baƙaƙen su ɓace."

Na ba shi littafinsa na fita zaure. Ta katanga na ji shi yana karantawa, a hankali, shafi guda cur. Wallahi sai da na yi kuka.

Na fasa maganar shago, ba inda za shi. Litinin yana aji.

Ya Allah, bawanka Sanda ya tausaya wa 'ya'yan mutane, ka tausaya masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko bai san shi ba.