Kunnen Hagu na Bu Lastri

Shekara goma sha tara Bu Lastri tana riƙe da shafin sababbin waƙoƙi a wata jaridar Lahadi ta birnin Surabaya, a Indonesiya. Faifai takwas duk mako, kalma sittin ga kowanne. Kiɗan rawa na dangdut ne, ƙasida ce, kiɗan 'yan Bandung ne mai fasa kai, duk ɗaya ne a wurinta. Sau uku take jin kowanne: a motar haya, tana shara, sai kuma a zaune ido a rufe, da iyafis a kunne.

Wata biyar ke nan kunnenta na hagu ya fara dushewa. Ko mijinta ba ta gaya wa ba. Wa zai bar shafin waƙa a hannun mai kunne ɗaya? Kullum sai ta ƙara murya, ta ci gaba da rubutu.

Wata Lahadi ta rubuta cewa sabon faifan dangdut na wasu makaɗan Sidoarjo ya yi daɗi, amma abin kunya, babu sarewa a ciki.

Ranar Litinin ta tarar da baƙo a ofishin Mas Danang, editanta, wanda ta girme shi da shekara ashirin. Wani dattijo ne siriri, Cak Mardi, mai busa sarewar makaɗan.

"Bu, waƙa tara na busa," in ji shi. "Jikokina sun karanta jarida, yanzu tambayata suke ina nake zuwa idan na ce na tafi aiki."

Ashe wanda ya haɗa sautin a ɓangaren hagu kaɗai ya ajiye sarewar. Bu Lastri ta kunna faifan, ta sauya iyafis ɗin daga wannan kunne zuwa wancan, sai ga busa tar. Ta ce iyafis ɗinta ne ya lalace. Mas Danang ya yi dariya, ya ce shi ma na hannunsa haka yake, a buga gyara kawai.

Ta raka dattijon matakala, yana tafe ta hagunta. Ta ga bakinsa na motsi, ta gyaɗa kai tana murmushi. Ya tsaya, ya zagayo ta damanta.

"Tambayarki na yi wane likita kike gani, kika ce mini e. Shekara talatin ina tsaye kusa da lasifika, Bu. Nawa na dama ne ya tafi."

Ya ce bakinsa ba zai faɗa wa kowa ba, ya sauka. Ta daɗe a wurin. Wannan ya zo da ƙafarsa. Su nawa ne suka karanta suka yi shiru? Ta koma ciki ta gaya wa Mas Danang gaskiya.

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya tambaye ta faifai nawa ta yi wa sharhi tun da abin ya fara. Ɗari da sittin da takwas, ta ce, ba ta ko duba takarda ba. Ya ba ta wa'adin wata guda ta sake jin su duka, kowane ɓangare da kunnen dama, ta lissafo kurakuranta. In ba su wuce goma ba, shafin nata ne.

Awa tara a rana take zama. Duk faifan da ta sauya masa kunne sai ta gwada shi da abin da ta rubuta. Ga goge da ba ta ambata ba, ga mai amshi da ta ce babu. A mako na uku ta kai goma, saura faifai arba'in da ɗaya.

Babu mai bin bayanta ya duba, ta sani. Ta ƙarasa sauran, kurakurai goma sha huɗu ta rubuta ta miƙa.

Mas Danang ya karanta sau biyu, bai iya kallonta ba.

"Ki yi haƙuri, Bu."

Ta ce masa ya ɗaga murya kaɗan. Ya sake faɗa.