Kwanona a Wurin Ciyayya

A da, a unguwarmu ta Gubuchi, magidantan da ke ciyayya tare jam'iyya ɗaya suke bi, ba a musu.

Da ɗan takararmu ya faɗi zaɓe, kowa ya ce maguɗi aka yi. Ni da na ga zaɓe a Kumasi da Yamai na ce, "Ba maguɗi ba ne. Takin da ya yi mana alkawari sai da muka cire masara ya iso."

Yayana ya ture kwanona gefe. "Alhaji, yawo ya lalata ka. Tashi ka ci da 'yan adawa."

Na jawo kwanon na ci gaba da cin tuwona, ban janye maganata ba. Washegari ma na dawo. Tun daga nan, ba a ƙara korar kowa daga tabarmar saboda ƙuri'arsa ba.