Matakalar da Inna ke shanya gabu

Ni ce na nace sai an yi mana bene. Maigidana bai so ba. Da muka samu fili a sabuwar unguwa a bayan garin Wurno, shi abin da ke ransa ɗakuna huɗu a ƙasa, da tsakar gida mai faɗi inda zai ɗaure tumakinsa. Ni kuwa na yi karatu a Sakkwato, na ga matan da ke zama a barandar sama suna shan iska, na rantse sai na ɗanɗana. Ina da kafiya, ban taɓa musun haka ba. Wata biyu ina kumbure-kumbure har ya gaji ya ce a yi yadda nake so.

Dalilin ginin ma Inna ce, mahaifiyarsa. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai a Kwargaba, ga ciwon gwiwa, ga ɗakin da ke yoyo duk damina. Matar nan ita ta yi mini wankan jego haihuwa uku, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ina sonta har cikin raina. Da kyar muka shawo kanta ta yarda za ta dawo wurinmu in an gama gini. Na zaɓar mata ɗaki mafi kyau a ƙasa, kusa da famfo, namu kuma a sama, daidai kansa, don in ta yi kira in ji. A ganina na yi dabara.

Da aka zuba dekin aka gama matakala, muka ɗauko ta ta ga wuri. Ta zagaya da sandarta tana sa albarka, ta shafa bango, ta leƙa taga. La'asar ta yi, na shimfiɗa mata tabarma a ɗakin da zai zama nata, ni kuma na haye sama don in ga inda barandata za ta kasance.

Na yi taku biyu ko uku a kan dekin sai na tuna wadda ke ƙasa. Ban san lokacin da na tuɓe takalma na riƙe a hannu ba. Na bi gefe-gefe ina sanɗa kamar mai satar nama a tukunya, don kada in bi ta saman kanta tana sujada. Simintin ya sha rana, tafin ƙafata na ƙuna, amma na kasa mayar da takalman. Barandar ma ban kalle ta ba na sauko.

Na tarar ta sallame, tana dubana da takalma a hannu. Ta yi murmushi.

"Ɗiyata, mi as samu takalmanki?"

Na ce ba komai, Inna.

"Ni dai na ji hawanki, ban ji tahiyarki ba," in ji ta. "Hakanga za ki yi ta yi kullum cikin gidanki? Sahe da marece kina sanɗa don wata tsohuwa? A'a. Gidanga ya yi kyau, Allah shi sa albarka. Ni ku bar ni Kwargaba, ɗakina ya ishe ni."

Ba fushi a muryarta, shi ya fi ba ni haushi. Da faɗa ta yi da na san abin da zan ce. Na roƙe ta, na ce zan saba. Ta ce, "Ba ki sabawa. Kuma in kin saba, ba ni jin daɗi."

A hanyar komawa, bayan mun sauke ta, na huce a kan maigidana. Na ce shi da ya san halin mahaifiyarsa me ya hana shi faɗa mini tun kafin a sayi rodi? Ya ce ya faɗa sau uku, na ce masa ƙauyanci ne. Sai na tuna, har da tsaki na yi masa a na ukun.

Kwana biyar ban yi maganar ba. A na shida na aika aka kira magini, na ce a bar saman haka nan, a ƙara ɗaki biyu a ƙasa. Ya dube ni ya dubi rodin da ke tsaye a kan dekin, ya ce, "Hajiya, matakalar hwa?" Na ce ta zauna, ba ta ci wa kowa tuwo ba. Tumakin maigida ne suka yi asara, aka matse su a lungu.

Inna ta tare kafin damina. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, sai dai ta mayar da matakalar tata. A nan take shanya gabu, ganyen albasar da take dakawa ta dunƙule don miya, da kuɓewa da barkono, kowane hawa da abinsa. Ita kuma ta zauna a na farko ta miƙe ƙafafu tana korar kaji. Ƙannena in sun zo sai sun tsokane ni, wai ina benen 'yar birni. In ce ga shi nan, na albasa ne. Shekara bakwai muka yi haka.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Bayan an yi arba'in maigidana ya ce yanzu ai sai a ɗora saman, tunda yara sun girma, ga rodi yana ta tsatsa. Na ce to, bari in hau in duba. Na taka hawa na farko, inda take zama, na kai na huɗu. Har yanzu simintin yana ƙanshin gabu. Da na duba sai ga takalmana a hannu.

Na sauko na ce masa a bar shi tukuna.