Malam Modu, Mai Rushe Bangon Ɗana

Ina shagona a Pantami ina auna wa wata mata gero muka ji ƙarar. A shekarun nan ba mai tambayar ƙarar mece ce, sai dai a tambayi ta wane gefe. Aka ce tashar mota. Na ja ƙofar shago na nufi gida, na tarar da iyalina lafiya, na yi hamdala. Bayan la'asar babban ɗana Buba ya shigo ba sallama, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, har da Malam Modu." Wallahi dariya na fara yi. Ni Bafillace ne, shi Babarbare, kullum cikin tsokanar juna muke, sai na ɗauka turo shi ya yi ya gwada ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ƙanwarsa Malam ya raka ta hau mota. Motarta ta tashi, shi bai kai bakin titi ba.

Malam Modu shi ne malamin gini a makarantar koyon sana'a inda na kai Buba. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma malamai ne suka riga ni gajiya, don haka ba ni zan auna ilimin mutum ba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Ranar da na fara leƙa makarantar, na tarar ɗalibai sun tayar da bango kyakkyawa, shi kuma ya sa su suna rushewa. Ashe da jar ƙasa da yashi suke ɗora bulo, duk Alhamis a warware, a kankare, a sake. Na ce, "Kai Babarbare, gini na kawo ɗana ya koya ko rushewa?"

Ya ce, "Bawana, siminti ne babu. Wannan bulo da kake gani ya yaye ɗalibai sun fi gashin gemunka."

Na ce gemuna ai ba shi da yawa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Abin da ke damuna ke nan. Bangon da ɗalibi ya san za a rushe ranar Alhamis ba ya tsoronsa. Wanda kuwa bai taɓa tsoron bango ba, bai zama birkila ba tukuna."

Shi ya sa duk Asabar, ba wanda ya sa shi, yake kwashe su zuwa Gabukka, inda mutanen da suka gudo daga Borno da Yobe ke gini cikin gaggawa. A can Buba ya haɗu da abin da babu a makaranta: yashi mai haɗe da ƙasa, rodin da bai kai kauri ba, leburan da ke ƙara ruwa da zarar ka juya baya, da mai gida tsaye a kanka. Ranar farko ya dawo tafin hannunsa duk ya saɓule, domin duk daɗewarsa yana koyon gini, ran nan ya fara taɓa siminti na gaske. Uwarsa ta yi ta faɗa. Malam ya ce mini, "A aji ina koya musu yadda ake yi. A wurin aiki suke koyon yadda ake cewa a'a."

Kafin rasuwarsa ya samo wa Buba aikinsa na farko, gidan wani bawan Allah da ya gudo daga Yobe, iyalinsa cunkushe a ɗakin haya a Kagarawal. An zuba dekin, wato rufin kankare, an tokare shi da sanduna, Malam ya yi alkawarin zuwa ya duba kafin a cire su. Bai zo ba.

Bayan sadakar uku mai gidan ya same mu a ƙofar gida. Ya ce a cire sandunan, iyalinsa su tare a ƙasa, a ci gaba da sama. Ni da ban taɓa ɗora bulo kan bulo ba na ce, "Buba, ka tausaya wa Alhaji, siminti ai ya bushe."

Ya ce, "Baba, bushewa daban, ƙwari daban. Lokacinsa bai yi ba."

Alhaji ya ce, "Ɗana, mai cewa a jira ya tafi. In ba za ka yi ba, akwai masu yi."

Na ga Buba ya waiga gefensa, inda Malam ya saba tsayawa. Sannan ya ce, "Alhaji, 'ya'yanka ne za su kwana a ƙarƙashi. Ka ba wanda ka ga dama, amma ba da hannuna ba."

Aikin sama ya koma hannun wani, Buba yana gida ba aiki. Sandunan kuwa Alhaji bai sa an cire su ba, suna nan tsaye, na je na gani da idona.

Ban taɓa ce wa Malam Modu ya iya aikinsa ba. Tsakanin Bafillace da Babarbare ba a faɗin irin wannan, na ɗauka kuma akwai lokaci. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya karɓi shahadarsa da ta waɗanda suka tafi tare da shi. Allah Ya ba matarsa da ƙanwarsa haƙuri, Ya raya marayunsa, Ya dawo mana da zaman lafiya. Amin.